Daga Fiffiken Shak Zuwa Ɓawon Ɗankunya: Yadda Sinadarin Gado Ke Tona Asirin 'Yan Fasa-ƙwauri

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin madatsar ruwa ta Calawa, wadda aka kammala ginawa a ƙasar Ƙaraye cikin shekarar 1992, ya ga wani ilmi da ba a koyar da shi a aji. Kwale-kwale na isowa gaɓa masunci zai zazzage abin da ya kamo, kafin ƙiftawar ido ya ware shi kashi-kashi: ga karfasa, ga tarwaɗa, ga ƙurungu, ga kawara. Ba ya buɗe littafi, ba ya tambayar kowa. Siffar kai da gashin baki da ƙayar gadon baya sun ishe shi shaida.

To, amma a bi kifin nan bayan kwana uku. An sare kai, an yanka shi gunduwa-gunduwa, ya sha hayaƙi har ya yi baƙi, an zuba a kwali an nufi kasuwar Rogo ko ta Kano da shi. Mai saye sai dai ya yarda da abin da mai sayarwa ya faɗa masa. Idan kuwa aka daka shi ya zama gari, ko Sarkin Ruwa da kansa ba zai yi rantsuwa a kan ko wane kifi ne ba. Wuƙa da wuta sun shafe masa suna.

A kasuwar ƙauye wannan ba wani babban al'amari ba ne, iyakarta a sayar wa mutum ƙaramin kifi da kuɗin babba. A kasuwar duniya kuwa, a kan wannan ɓacewar suna aka kafa wani fatauci da ke neman ƙarar da wasu halittu daga doron ƙasa, kuma ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsa ta cikin Nijeriya ta ratsa.

Doka da suna take aiki

A shekarar 1973 wakilan ƙasashe suka taru a birnin Washinton na Amurka suka ƙulla wata yarjejeniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, wadda ake taƙaita sunanta da CITES. Ta fara aiki a 1975, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe goma na farko da suka amince da ita. Daga baya, a 1985, gwamnati ta kafa doka mai lamba 11 domin aiwatar da ita a cikin gida, aka kuma yi wa dokar gyara a 2016.

Yarjejeniyar ta jera halittu ne da sunayensu. Waɗanda ke jeri na ɗaya an hana cinikinsu tsakanin ƙasa da ƙasa. Waɗanda ke jeri na biyu ana iya cinikinsu, amma sai da takardar izini daga ƙasar da suka fito, wadda ke tabbatar da cewa an samo su bisa ƙa'ida kuma ɗibarsu ba za ta karya iri ba. Duk abin da sunansa bai shiga jerin ba, yarjejeniyar ba ta da iko a kansa.

A nan gizo ke saƙa. Jami'in kwastan a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ko a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ya kwance buhu ya iske busassun yanke-yanke masu kama da ƙirgi. Mai kaya ya ce na halattaccen kifi ne. Jami'i na da zato, amma zato ba ya zama hujja a gaban alƙali. Ba shi kuma da damar riƙe kayan mutane har illa masha Allahu, don kuwa ga ɗaruruwan kwantena na jiran a duba su. Muddin ba a tabbatar da suna ba, dole a saki kaya.

Kifin da ke haihuwa kamar saniya

Shak kifin teku ne, kuma ya sha bamban da kifayen da aka sani a kogunan ƙasar Hausa. Ba shi da ƙashi ko ɗaya a jikinsa, guringuntsi ne ke riƙe da shi. Nau'o'insa sun haura 500, daga wanda bai wuce tafin hannu da kaɗan ba zuwa wanda ya fi motar safa tsawo. Kakanninsa suna cikin teku fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce.

Abin da ya fi jefa shi cikin haɗari shi ne yanayin haihuwarsa. Tarwaɗa guda na zuba dubban ƙwai a damina ɗaya. Karfasa na balaga cikin 'yan watanni, ta kuma yi ƙwai sau da dama a shekara, shi ya sa madatsar ruwa ke iya murmurewa idan aka ɗaga mata ƙafa. Da yawa daga manyan shak kuwa sai sun shekara goma ko fiye kafin su balaga, ciki suke ɗauka na wata da watanni, su haifi 'ya'ya ƙalilan. Akwai nau'in da cikinsa kan kusa kai shekara biyu. Wato dai ana kama shi kamar kifi, alhali yana hayayyafa kamar shanu. Garken da ake yanka haka ba ya daɗewa.

Abin da ake nema a jikinsa shi ne fikafikai, watau na gadon baya da na gefe da na wutsiya. Da su ake yin wata miya mai tsada da ake alfahari da ita a manyan bukukuwa a ƙasar Sin da wasu maƙwabtanta. Saboda fiffike ya fi nama daraja nesa ba kusa ba, wasu masu jiragen su kan yanke fikafikan su jefar da kifin cikin teku da sauran ransa. A 2006 wata masaniya mai suna Shelley Clarke da abokan aikinta suka ƙiyasta cewa fikafikan da ke shiga kasuwa a kowace shekara na shak miliyan 26 zuwa miliyan 73 ne. A 2021 kuma wani babban bincike ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in shak da danginsa na fuskantar ƙarewa.

Afirka ta Yamma ba ta tsira ba. Tun daga shekarun 1980 tsadar fiffike ta ja hankalin masuntan gaɓar teku, daga Muritaniya da Sanagal har zuwa Gini da Gana. Naman a yi masa gishiri a busar a sayar a cikin yankin, fiffiken kuwa ya nufi Asiya. Ɗan kasuwar da ke ƙetarawa Maraɗi ya karɓo sefa yana ɗauke da shaidar wannan hasara a aljihunsa bai sani ba. Tambarin da ke kan kuɗin, mai dogon baki da haƙora gefe da gefe, siffar kifi mai zarto ce, ɗan uwan shak, kamar yadda mutanen Akan suka ƙera ta da tagulla don awon zinariya. A da an san shi sarai a bakin kogunan yankin. Yanzu a yawancin gaɓar an shafe shekaru ba a kama ko ɗaya ba.

An fara sanya shak cikin jerin CITES a 2002 da nau'i biyu kacal. Aka yi ta ƙarawa a tarurrukan 2013 da 2016 da 2019, sannan a taron Panama na 2022 aka shigar da gommai a lokaci guda. Sai dai kowane sabon suna ƙarin nauyi ne a kan jami'in kwastan. Busasshen fiffike da fatarsa, ƙwararre na iya gane wasu daga ciki da ido. Da zarar an feɗe fatar, an wanke shi da sinadari ya yi fari, shi ke nan, ya koma kamar garin kifin nan na Calawa.

Rubutun da wuƙa ba ta kankarewa

Jikin kowane mai rai, daga rimi zuwa tururuwa, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare siriri da ke ɗauke da dukkan umurnin yadda za a gina wannan halitta. Shi ne sinadarin gado, wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffa uku, DNA. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa, bisa dogaro da hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka: zare biyu ne a murɗe da juna kamar igiya.

An rubuta umurnin da haruffa huɗu kawai, waɗanda ake yi wa laƙabi da A da C da G da T. Yadda aka jera su shi ne saƙon. Na ɗan Adam ya kai haruffa kimanin biliyan 3. Ɗa yana gadon rubutun daga iyayensa, su ma daga nasu iyayen. Amma kamar littafin da ake kwafa da hannu, jefi-jefi mai kwafa kan musanya harafi ɗaya, duk wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya gaji wannan canji. Idan zuriya biyu suka rabu tun da daɗewa, kowace za ta tara nata canje-canjen. Da haka rubutun karfasa ya bambanta da na tarwaɗa, na shak mai kan guduma ya bambanta da na shuɗin shak. Kuma tun da rubutun na cikin kowace ƙwaya, yana nan a fiffike, yana nan a ɓawo, yana nan a gari.

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibai wannan zare da kayan da ke kowane gida. A daka albasa, a zuba mata rabin kofin ruwa da ɗan gishiri da cokali ɗaya na sabulun ruwa, a bar ta kamar minti goma, a tace da ƙyalle a cikin kwalba. Sai a tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali ta gefen kwalbar, nesa da wuta. Inda ruwan biyu suka haɗu za a ga wani farin abu mai yauƙi yana tasowa. Sabulu ne ya fasa ƙwayoyin, sifirit kuma ya tattaro sinadarin gadon da ke cikinsu.

Ba a bukatar karanta littafin gaba ɗaya kafin a san mai shi. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawarar a zaɓi gajeren yanki guda, mai haruffa kimanin 650, a riƙa karanta shi a kowace dabba. Yankin yana cikin wasu 'yan gaɓoɓi da ake kira mitokondiriya, waɗanda ke samar wa ƙwaya ƙarfi. Akwai hikima a zaɓin. Na farko, gaɓoɓin suna da yawa a kowace ƙwaya, saboda haka ko abu ya bushe ya tsufa akan sami sauran da bai lalace ba. Na biyu, 'yan nau'i ɗaya kusan rubutunsu ɗaya ne a wannan yanki, amma tsakanin nau'i da nau'i galibi akwai rata bayyananna. Aikinsa ke nan irin na tsagar gado a zamanin da, lokacin da kallon fuska ya isa a ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe.

Sauran matsala ita ce ƙanƙanta. Abin da ake samu daga ɗan yankin fiffike bai isa a karanta ba sai an ninka shi. Dabarar ninkawar, wadda ake kira PCR, wani Ba'amurke ne mai suna Kary Mullis ya ƙago ta a 1983, ta kuma jawo masa lambar Nobel a 1993. Ana zuba sinadarin cikin 'yar ƙaramar kwalba tare da abu uku: tarin haruffan nan huɗu a warwatse, da wasu gajerun zarurruka guda biyu da za a iya kira 'yan jagora, da wani sinadari mai aikin magini. Na'ura ta ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95, zaren biyu su warware. Ta sauke zuwa wajen digiri 55, 'yan jagora su manne a farkon yankin da ake so da ƙarshensa. Ta ɗaga zuwa digiri 72, magini ya bi kowane zare yana jera masa sabon abokin murɗi. Ɗaya ya zama biyu. A sake zagayowa, biyu su zama huɗu. Ɗalibin lissafi na iya gwadawa a allo: wanda aka ba kwabo ɗaya ana ninka masa kullum, bayan ninki 30 yana da 1,073,741,824. Haka yankin nan ke yawaita cikin 'yan sa'o'i. Shi maginin, wanda tafasasshen zafi ba ya kashewa, an samo shi ne daga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun Yellowstone a Amurka.

Daga nan wata na'ura ta karanta jerin haruffan, a kai wa kwamfuta ta gwama shi da rumbun rubuce-rubucen da aka riga aka tara daga dabbobin da aka tabbatar da sunayensu. Inda ya dace, nan sunansa yake.

Abin da aka tarar a cikin buhuna

Tun kafin shawarar Hebert ta bazu, Mahmood Shivji na Jami'ar Nova Southeastern a jihar Florida ya bi wata gajeriyar hanya. Ya ƙera 'yan jagora waɗanda kowane ɗaya ba ya mannewa sai a rubutun nau'i guda na shak, kamar mabuɗin da ƙofa ɗaya kawai yake buɗewa. Idan ninki ya auku, an san mai fiffiken ba sai an karanta harafi ko ɗaya ba. Da wannan dabara aka warware wata ƙara da aka wallafa labarinta a 2005. Jami'an Amurka sun kama fikafikai a hannun wani dillali, cikinsu har da wani buhu da aka rubuta wa sunan wani nau'i dabam a waje, amma a ɓoye daga ciki an rubuta kalmar da ke nufin “fari” da Sifaniyanci. Gwaji ya nuna cewa fikafikan kifi 21 da ke buhun duk na babban farin shak ne, wanda doka ta hana kamawa.

Birnin Hong Kong na cikin manyan kasuwannin fiffike na duniya, kuma 'yan kasuwarsa ba sa son a taɓa musu kaya masu tsada. Sai masu bincike suka lura cewa idan ana gyara fiffike akan datse gefe-gefensa, a tara ɓarɓashin a sayar da araha. Suka riƙa shiga kantuna suna sayen wannan ɓarɓashi kamar kowane mai cefane. Cikin yanki 4,800 da suka gwada daga sayayyar 2014 da 2015, sun sami aƙalla nau'i 76, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu fuskantar ƙarewa. Shara ce ta ba da labarin kasuwa.

A 2018 wani masani ɗan Kolombiya, Diego Cardeñosa, tare da Demian Chapman, suka fito da gwajin da za a iya yi a bakin tashar jiragen ruwa da na'urar da mutum ɗaya zai ɗauka. Yana gane 9 daga cikin nau'o'in shak 12 da ke jerin CITES a wancan lokaci, cikin ƙasa da awa huɗu, a kan ƙasa da dala ɗaya kowane yanki. Muhimmancinsa na ga saurin, domin yana ba jami'i hujjar riƙe kwantena kafin lokaci ya ƙure masa. Girman abin da ake fama da shi ya bayyana a 2020, sa'ad da kwastan na Hong Kong suka kama tan 26 na fikafikai a kwantena biyu daga Ekwado, waɗanda aka ƙiyasta na shak 38,500 ne.

Inda zancen ya iso gida

Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, amma kayan da suka fi jawo mata suna a wannan fatauci daga daji suke fitowa. Ɗankunya wata dabba ce mai shayarwa, marar haƙori, mai dogon harshe da take lasar tururuwa da gara da shi. Jikinsa a rufe yake da ɓawo mai kama da sulke. Idan ya ji tsoro sai ya dunƙule kamar gammo, yadda bushiya ke yi. Wannan dabara na kare shi daga damisa, amma mafarauci sunkuyawa kawai zai yi ya ɗauka. Galibi ɗa guda yake haifa. Ɓawon nasa, wanda ake kai wa Asiya don haɗa magungunan gargajiya, abu ɗaya ne da farcen mutum. Bayan na Asiya sun yi ƙaranci sai fatake suka juyo Afirka, har a 2016 aka mayar da dukkan nau'o'insa jeri na ɗaya.

A watan Afrilu na 2019, cikin mako guda, hukumomin Singafo suka kama kwantena biyu da suka taso daga Nijeriya za su Biyetnam, ɗaya da tan 12.9 na ɓawo, ɗaya da tan 12.7. Ta farkon an rubuta a takardunta cewa daskararren naman shanu ne. Wani ɗan Nijeriya mai bincike a Jami'ar Cambridge, Charles Emogor, ya tattara lissafin kamun da ke da alaƙa da ƙasar daga 2010 zuwa 2021, ya sami kilo 190,407, wato ɓawon ɗankunya kusan 800,000. Abin da aka kama ke nan, ban da wanda ya wuce. Kada kuma a ɗauka zancen Legas ne kaɗai: a watan Agusta na 2024 kwastan sun kama fiye da tan 2 a Jihar Kaduna, wadda Rogo ke iyaka da ita.

A nan tambayar ta wuce ta suna, domin kowane irin ɗankunya haramtacce ne. Abin da ake son sani shi ne daga wane daji aka kwaso shi. Sinadarin gado na iya amsa wannan ma, idan aka karanta wurare da yawa a cikinsa maimakon yanki guda. Bakano da Basakkwace harshensu ɗaya, amma jimla biyu sun isa a san garin kowa. Haka dabbobin nau'i ɗaya da kogi ko tsauni ya raba tun da daɗewa, kowane rukuni na da nasa karin.

A watan Disamba na 2023 mujallar Science ta wallafa aikin wata tawaga daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da Jami'ar Hong Kong da masana na Afirka. Sun yi aiki ne a kan nau'in da aka fi fatauci, wanda ake kira mai farin ciki, wato fatar cikinsa ce fara, ba murna yake yi ba. Da farko sun tara samfuri 111 daga wuraren da aka tabbatar, suka zana taswirar karin kowane yanki. Sannan suka gwada ɓawo 643 da aka kama a Asiya tsakanin 2012 da 2018. A farkon lokacin yawancin ɓawon daga Saliyo da Laberiya da Gana yake. Kafin 2018 farautar ta koma Afirka ta Tsakiya, musamman kudancin Kamaru, wajen iyakarta da Gabon da Ikwatoriyal Gini. Abin da ya fi ɗaukar hankali kuwa, duk da cewa Nijeriya ce babbar mafitar kayan, kaɗan ƙwarai daga cikinsu ne na ɗankunyan Nijeriya. Ashe ƙasar zango ce, inda ake tara kaya daga maƙwabta a ɗaure a loda.

Wannan sani na da amfani a aikace. Yana nuna wa masu gadin daji inda za su kai ƙarfinsu, yana kuma nuna cewa kama ƙaramin mafarauci a ƙauye ba zai tsayar da komai ba matuƙar mai tara tan goma a ɗakin ajiya yana barci lafiya. An ga irin haka a hauren giwa. Samuel Wasser na Jami'ar Washinton ya gano cewa sau da yawa haure biyu na giwa ɗaya kan bayyana a kwantena dabam-dabam, abin da ke nuna hannu ɗaya ne ya loda su. Da haka a 2018 ya danganta manyan kamu da dama da gungu uku masu aiki daga Mombasa da Entebbe da Lome. Tun 2013 CITES ta bukaci a ɗebi samfuri daga duk kamun haure da ya kai kilo 500. Nijeriya ta ƙona kusan tan 4 na ɓawon ɗankunya a Abuja a watan Oktoba na 2023 don nuna cewa ba zai koma kasuwa ba. Ƙonawa na da kyau, amma a ko'ina ne ya kamata ɗibar samfuri ta riga ashana, don toka ba ta ba da shaida.

Iyakar dabarar

Gwajin ba ya aiki kamar tsafi. Zafi da sinadaran wanki suna gutsuttsura zaren, ta yadda wani lokaci sai an koma ga guntun yanki mai haruffa 100 zuwa 200, wanda ba kullum yake raba 'yan uwa na kusa ba. Kwantena ɗaya na iya ɗaukar dubban ɗaruruwan ɓawo, ba kuma duka za a gwada ba, saboda haka yadda aka ɗebi samfurin na iya karkatar da sakamako. A kotu kuma, lauyan wanda ake tuhuma zai tambayi hannun da kayan suka bi daga buhu zuwa ɗakin bincike. Idan aka rasa sa hannu ɗaya a takarda, ingancin kimiyyar ba zai ceci ƙarar ba.

Babbar iyakar dai ita ce rumbun da ake gwamawa da shi. Kwamfuta ba ta san sunan kowa ba sai wanda aka gaya mata. Kowane rubutu da ke rumbun ya fara ne daga wani mutum da ya riƙe dabbar cikakkiya, ya san ta, ya ɗauki hotonta, ya rubuta wuri da rana, ya yanki ɗan abin da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya jefa cikin sifirit. Idan ya yi kuskuren suna, duk wanda ya zo bayansa ya gaji kuskuren. Taswirar ɗankunya da aka ambata ta tsaya ne a kan samfuri 111 nan, kuma dajin da ba a ɗebo nasa ba, ba za a iya nuna shi da yatsa daidai ba. Kifayen ruwan daɗi ma haka suke: mai son shigar da na Calawa cikin rumbun, da masuncin da ke ware su a gaɓa zai fara.

Wani lokaci kuma rumbun kan amsa da cewa bai san mai wannan rubutu ba. An daɗe ana lissafa nau'o'in ɗankunya takwas, huɗu a Afirka huɗu a Asiya. Da aka gwada wasu ɓawo da aka kama a Hong Kong a 2012 da 2013, sai aka ga ba su dace da ko ɗaya daga cikin takwas ɗin ba. Aka sake samun irinsu a kamun da aka yi a lardin Yunnan na ƙasar Sin a 2015 da 2019. A 2023 masana suka wallafa cewa wani nau'i ne na tara, suka raɗa masa suna Manis mysteria. A lokacin da aka raɗa sunan, babu wani masani da ya taɓa tantance dabbar da ranta ko ya san dajin da take zaune. Abin da ke hannu kawai shi ne ɓawon da aka kwance daga buhunan fatake.